Kar Ka Sake Taɓa Ruwan Kifin

Auta,

Na fita aiki kana barci. Da safe na tarar da kifi biyu sun mutu a tankin gilashin, ga bokiti a gefe. Ruwan famfo ka tuttula musu don ka ga nasu ya yi duhu, ko? Garin neman gira ka rasa mana ido. Mai shagon da ya sayar mana da kifin ya ce sai ruwan famfo ya kwana a buɗe, maganin cikinsa ya fita.

Sauran suna sama suna haki. Kar ka taɓa komai, kar ka zare injin da ke ba su iska don cajin waya.

Jan kifin nan na Mama ne, shi take wuni kallo tunda ta daina fita. In ya mutu, kai za ka faɗa mata da bakinka.

Yayarka