Fiyus ɗin da ban kai ba

Laraba da dare, Samaru

Yanzu na dawo daga Sabon Gari, har yanzu rigata tana warin ƙonanniyar roba.

Akwatin lantarkin da na haɗa wa Goggo Rahila don dafa burukutu ya ƙone. Hitarta wat dubu uku ce, tana jan wuta amfiya goma sha uku da 'yan kai. Na san haka, sau biyu na lissafa. Amma ranar da na haɗa shi, fiyus mai amfiya goma kawai na samu a Chikaji. Na sa shi, na ce zan dawo da wanda ya dace. Mako uku ban koma ba.

Da fiyus ɗin ya dame su da katsewa, mijinta, Baba Bitrus, ya murɗa wayar tagulla ya cusa a gurbinsa, yadda kowa ke yi a layinsu. Yau ruwa ya fantsama cikin akwatin, babu abin da zai yanke wuta. Goggo ta kai hannu ta kashe, ta ƙone yatsu uku.

Da na je, Baba Bitrus ya ce mini, "Injiniya, naka ne fa ke mutuwa. Nawa bai taɓa ba mu kunya ba."

Goggo ta ce, "Ƙyale shi, ɗana. Ba laifinka ba ne."

Da ma zagina ta yi. Fiyus ɗin da ya dace yana aljihun jakata. Yau kwana goma sha bakwai da na saye shi.