Auta Tana Tafiya a Bayana

Litinin, 5 ga Mayu

Rubuta, Malama. Yadda na faɗa za ki rubuta, kar ki gyara mini magana kamar 'yan ajinki na da. Ni ce yayarki, boko kawai kika fi ni. Kuma littafin nan nawa ne, Auta ba za ta gani ba.

Sa haka: mun zo gidan Auta ni da ƙanwata, saboda za a tara mutane a jami'a ta yi musu jawabi, wai ta zama farfesa. Likitar ƙwaƙwalwa ce. Shekara da shekaru ina faɗa wa mutane haka, amma da wani zai tsare ni ya ce me take yi daga safe zuwa yamma, sai dai in yi masa murmushi. Kafin ranar nan sai na sani. Ba zan zauna a kujerar gaba kamar buhu ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Na shiga ɗakin karatun Auta. Takardu har kan kujera. Ta sauko da wasu, ta ce ga abin da ta rubuta, likitocin duniya na karantawa. Sunanta kaɗai na gane, shi ma don na saba ganin siffarsa.

Duk a kan ciwon babanta ne, ciwon rawar jikin nan. Wai sunan Baturen da ya fara rubuta labarinsa aka sa masa. Na ce Allah sarki, wasu a sa wa titi sunansu, shi ciwo ya samu.

Na ce ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce akwai wani ɗan wuri can cikin kai da ke fitar da abu kamar man keken ɗinki. In ya fara ƙafewa sai jiki ya cije. Wannan na gane, matar tela ce ni. Na ce to an samo maganinsa? Ta ce akwai mai lallaɓa shi, mai kashe shi ne ba a samu ba tukuna. Na ce to duk shekarun nan me kike yi? Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Mama, ko masu ba mu kuɗin bincike ba su taɓa tsare ni haka ba."

Takardarta ta farko wai daga tsintsiyata ta fito. Sai na tuna. Babanta yakan zo bakin ƙofa ƙafa ta ƙi ɗaguwa, kamar an kafe ta da ƙusa. Wata rana tsintsiya ta faɗi a gabansa, sai ga shi ya tsallake ta ya wuce abinsa. Auta tana 'yar mitsitsiya. Wuni ta yi tana jera masa tsintsiya da sanda da muciya, yana tsallakawa suna dariya, ni ina ta faɗa an hana ni shara.

Na ga hoton wani tsoho a ciki, an ja baƙin layi an rufe masa ido. Wai don kar a gane shi. Ban so hoton nan ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Tashi ki rufe ƙofa, Malama.

Hannuna na hagu ne. Wata da watanni ke nan. Babban yatsa yana murza na kusa da shi, kamar mai jan carbi. Shi ya sa kullum carbi ke hannun, hannun kuma cikin mayafi. Kowa na cewa tsohuwa ta ƙara ibada.

Abin da ke ba ni mamaki, in na ɗauki kofi sai ya tsaya cak. In na zauna hutawa sai ya kama aiki. Wane irin abu ne wannan da ba ya motsi sai mai shi ya huta?

Na ji ki. Ba zan faɗa wa Auta ba, ba kafin jawabin nan ba. Ni na yi jinyar babanta, na san inda hanyar take zuwa: maɓallin riga, sai cokali, sai gado. Kuma ba ni son in tashi daga uwa in koma tsohuwar da aka rufe wa ido a takarda.

Talata, 13 ga Mayu

Na matsa wa Auta sai da ta tafi da ni asibiti. Wani dogon baranda ne, an manna farin tef a ƙasa layi-layi. Na ce ashe tsintsiyata ce ta yi karatu.

Akwai wani tsoho, kowa Direba yake ce masa. Ta tambaye shi ko uwarta za ta iya zama, ya ce, "Ta zauna mana, dama na rasa 'yan kallo." Da ya zo ƙofa sai ƙafa ta kafe. Ya ce, "Kin gani, Hajiya? Ni da na tuƙa tirela da mataccen birki, yau birki ne ya fi ƙarfina." Da ya kai kan layukan sai ga shi tiƙis-tiƙis har ƙarshe.

Ta sa shi buɗe yatsu da rufewa. Ta sa shi lissafa watanni daga ƙarshe zuwa farko, amma ba bakinsa take kallo ba, cinyarsa take kallo. Yana cikin laluben wata sai hannun ya kama rawa. Wai in kai ya shagala, hannu ke samun sarari.

Sannan ta ce ya yi tafiya, ita kuma ta bi bayansa. Na ce me ya sa ba za ki tsaya gabansa ba? Ta ce in tana gaba zai gyara tafiya don ya burge ta. Daga baya ne take ganin gaskiya. Wai sau da yawa tun kafin rawa ta fito hannu ɗaya kan daina lilo, mai shi bai ma sani ba.

Direban nan ya fi shekara goma da ciwon, da ƙafarsa ya zo, shi ya ɓalla maɓallin rigarsa. Babanta bai samu haka ba. Lokacin da aka gane abin da ke damunsa, cokali ma ni ke riƙe masa.

Da zai fita ya kalli mayafina ya ce ƙasa-ƙasa, "Hajiya, carbin nan naki akwai sauri. Nawa ma haka ya fara." Na ce masa ya kula da birkinsa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na yi tafiya gaban dogon madubi. Hannun dama na lilo, na hagu ya bi jikina ya kwanta. Na sa shi dole, sai na koma kamar soja.

Juma'a, 16 ga Mayu

Malama, dube ni. Ke kika faɗa wa Auta? Rantse. To, na yarda.

Yau da muka sauko daga mota ta ce, "Wuce gaba, Mama, zan amsa waya." Na waiga, wayar baƙi ƙirin, ba kowa a ciki. Sai abubuwa suka yi ta dawo mini. Ran da ta tarbe mu a tasha, baya ta bi. A kanti, baya. Zuwanta gida na ƙarshe ma, ta ce takalmi ke matsa mata, ta bar ni a gaba. Yarinyar da tun tana ƙarama take maƙale a gefena har ina taka ta.

Kuma shekaranjiya da ta ce in lissafa mata jikokina daga ƙarami zuwa babba, wai ta manta? Cinyata take kallo. Ni kuwa na zage ina lissafi!

'Yar da na goya ce take yi mini dabarar asibiti. Haushi nake ji, amma ki sa a ciki cewa ta iya aikinta.

Abin da ban gane ba, me ya hana ta magana?

Lahadi, 18 ga Mayu

Muna gyaran wake ni da ita, da hannu ɗaya nake yi. Na ce, wai in kin ga mutum a hanya da alamar nan, kina tare shi ki faɗa masa? Ta ce a'a, jikinsa ne, sai ya tambaya. Na ce in ya daɗe bai tambaya ba fa? Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sai in yi ta bin bayansa, Mama. Amma kowane wata da ya wuce, wata ne da zai iya samun sauƙi bai samu ba."

Ta ɗauki kwanon ta shiga kicin. Famfo ya daɗe yana zuba, wake kuwa bai kai yawan wankin nan ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

An yi jawabi. Da Turanci ne, ban ji komai ba sai tafi. Amma an haska hoton tsintsiya a bango, ƙatuwa, duk ɗakin suka yi dariya. Malama ta ce a wurin sunan babanta Auta ta kira, da nawa.

Kafin a shiga akwai wani dogon baranda. Auta tana cikin babbar rigar nan tasu mai kama da labule, ta ce, "Wuce gaba, Mama." Ko wayar ma ba ta ɗauko ba yau.

Zafi ake yi. Rubuta haka, zafi ne. Na miƙa wa Malama carbi, na yafa mayafin a kafaɗa, hannu a waje. Na ce, to ki duba da kyau, farfesa, ba zan maimaita ba. Na tafi har ƙarshe. Yana ta murze-murzensa, na ƙyale shi.

A bakin ƙofa ta iso ni. Ta zo ta hagu ta riƙe hannun, muka shiga tare, mutane suna tashi tsaye. Hannunta ya fi nawa rawa.

Talata zan koma asibitin. Ba wani abu ba ne, so nake in ga ɗan wurin man nan da ke cikin kaina, ko a zane ne. Kuma ban gama da Direba ba.

Na dai faɗa mata a mota, in har za ta sa ni a takarda, kar ta kuskura ta rufe mini ido. Ina so in ga masu karantawa.