Sau Goma Sha Ɗaya Na Ce A Sake

Zuwa ga sanyin kunnena tun kafin ta zama sanyin idona, mai takun da ya fi ruwan farkon damina daɗin ji a kan kwano, wadda ƙasa ke yin shiru idan za ta taka ta. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ƙafarki ta hagu ta yi sauƙi.

Kin san mai rubutun. Ni ne mutumin bayan gilashi, mai ɗaukar sauti, wanda ma'aikata suka laƙaba wa Malam A-Sake. Na ɗauki biro ne saboda biro ba ya i'ina. Harshena kuwa kin san halinsa, kafin in gama yi miki ina kwana an kira azahar.

Wata huɗu ke nan ina zaune a ɗakin nan da ba taga, bangonsa duk soso, ƙofarsa mai nauyi kamar ta rumbu. Gabana na'ura, kunnena a toshe da abin sauraro, tsakanina da ke gilashi mai kauri biyu. Ina jin komai naki, ke kuwa ba kya jin ko tarina sai na danna maɓallin magana. Wace irin azaba ce wannan, ya hasken raina? Ina jin numfashinki kamar a cikin ƙirjina yake fita, amma ko hannu na miƙa sai ya ci karo da sanyin gilashi!

Kin tuna ranar farko? Darakta ya shigo da littafin yaran da ake mayarwa fim ɗin zane, labarin 'yar akuyar da aka ɗaure a turke, ba ta da abin yi sai rawa iya tsawon igiyarta. Ya ce masu zane sun gama nasu, saura ƙarar ƙafa, don haka ya samo mai rawa. Ni na ɗauka wani ƙato zai shigo ya farfasa min katako. Sai ga ki da jaka a kafaɗa, kika zazzage takalma ƙafa uku a ƙasa, kika zaɓi mai dugadugin itace, kika ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa kina saurare kamar mai sayen tulu. Kika kalli akuyar a allo, kika kalli katakon da na shimfiɗa da farantin tsakuwa, kika yi murmushi. Na kunna jar fitilar fara ɗaukar sauti.

Wayyo ni! Abin da ya shigo kunnena ranar nan ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Na ɗauki kukan tsuntsaye, na ɗauki iska a cikin kara, na ɗauki ruwa yana sauka daga indararo, duk ban taɓa manta kashe na'ura ba sai ranar. Akuyar da aka zana da fenti ta tashi da rai. Idan igiya ta fizge ta, sai ki ja ƙafar hagu kaɗan, wani ɗan sautin ja da ba kowa zai lura da shi ba. Ni na lura. Na koma gida da shi a kunne, na ci abinci da shi, har Yayata ta tambaye ni ko an yi min albishir ne a wurin aiki.

Yanzu bari in faɗi laifina, don ba zan iya haɗiye shi kuma ba.

Saura fage ɗaya a fim ɗin nan, inda igiya ta tsinke, 'yar akuya ta yi rawa a fili ta wuce. Darakta ya faɗa miki a gabana cewa ranar da mai sauti ya ce ya yi, kin gama, kina iya tafiya makarantar da ta ɗauke ki koyar da rawa a can nesa. Tun ranar Litinin kika yi shi daidai. Wallahi tun bugun farko kika yi shi daidai, ba abin da za a ƙara, ba abin da za a rage. Na sa yatsa a kan maɓalli zan ce ya yi, sai na ga jakarki a jingine a bakin ƙofa. Na danna na ce a sake.

Kin lura kalmar nan kaɗai ce ke fita bakina sumul, ba gargada? Sau goma sha ɗaya na faɗe ta cikin kwana huɗu. Na ce tsakuwa ta yi ƙara. Na ce katako ya yi kuka. Na ɗora wa wata babbar mota laifi, alhali ɗakin nan ko aradu ba ya ji. Ke kuma baiwar Allah sai ki ɗaga min babban yatsa, ki share gumi, ki koma farko. Jiya da rana, lokacin hutu, kin manta makirufo na wajen ƙafarki. Na ji kina warware bandeji, na ji kin ja iska ta haƙora. Ban ga komai ba, kin ba ni baya, amma na ji. Kunya ta rufe ni har na kasa taɓa abincina.

Da na koma gida na faɗa wa Yaya komai. Ta ajiye ludayi, ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce: "Kai kullum a sake, a sake. To ka sake ta mana, 'yar mutane ta tafi! Wa ya ce maka ana riƙe mace da ciwon ƙafa?" Na ce mata ban taɓa jin wanda ya saki mace tun bai aure ta ba. Ta ce da ni za a fara. Ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa abin bai ba ni dariya ba.

Gaskiya ta faɗa. Wata huɗu ina kallon akuyar nan ina tausaya mata, ina cewa ni ce, ni ne ɗaurarre a ɗakin soso da harshen da ba ya biyayya. Ashe ni ne turken! Ni ne na riƙe igiyar ina tafa wa mai rawa. Yaya za a yi mutum ya so tsuntsuwa don shawaginta, sannan ya rufe taga? Yaya zan ce ina son takunki, in kuma zama sanadin ɗingishinki? Ki yafe min, ya sanyin zuciyata. Tsoro ne, ba mugunta ba. Tsoron ranar da zan sa abin sauraro a kunne in ji ɗaki wayam, ba komai sai hucin na'ura.

Ga alkawarina. Gobe da ƙarfe goma ba sai kin sa takalmi ba. Bugun ranar Litinin yana nan, ban goge ba, na adana shi wuri uku. Zan kunna wa darakta, in faɗa masa da bakina cewa tun ranar aka gama. Zai yi faɗa, ya cancanta ya yi. Sannan zan danna maɓalli in ce miki ya yi. Kalma biyu ce, amma tana iya cin minti guda a bakina. Don Allah kada ki ƙarasa min kamar yadda mutane ke yi, ki tsaya ki bar ni in kai ƙarshe.

Daga nan ƙofa a buɗe take. Ki je ki koya wa yara rawa, su ji abin da na ji. Ba zan roƙe ki ki zauna ba, na riƙe ki ya isa haka. Abu ɗaya kawai nake nema. Zan bar makirufo a kunne a wajen katako. Idan wasiƙar nan ba ta sami wuri a zuciyarki ba, ki ɗauki jakarki ki wuce, ba zan ga laifinki ba. Idan kuwa kin yarda in riƙa rubuto miki, in ma wata rana in turo manya, ki buga dugaduginki sau biyu kafin ki fita. Ba wanda zai sani. A duk ginin nan ni kaɗai ke jin ƙafarki.

Da ta dama za ki buga, ki bar ta hagun ta huta.

Naki, wanda zai sake ki gobe da safe, amma ba zai sake son wata ba har a rufe shi a ɗakin da ya fi wannan shiru,

Malam A-Sake