A Cire Haruna Daga Tseren Ranar Juma'a

Zuwa ga Mai Girma Daraktan ƙungiyarmu ta tseren keke, West Bay, Doha.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ranka ya daɗe, sunana Isiyaku, direban motar da ke bin 'yan tserenka a baya lokacin atisaye. Ba lalle ka san fuskata ba, don ƙeyata kake gani idan ka shigo motar. Sau biyu na hau ofishinka, sau biyu ana ce mini kana mitin. Shi ya sa na fito fili, na kuma rubuta da Hausa don 'yan uwanmu da ke ƙasar nan su zama shaida. Magana ce a kan Haruna, ɗan Jos, gwaninku na hawan dutse.

Na ɗaya. Ni ba koci ba ne, amma shekarun da na yi a bayan kekuna sun koya mini yadda ake zaɓen tseren share fage. Mai shirin babban tsere na kwanaki yana neman ƙaramin da ya yi kama da shi: in duwatsu ne a gaba, ya je inda ake hawa da gangara. Yana kuma barin tazarar da jiki zai huce. Wani ma ba ya shiga ko ɗaya, sai ya tafi kan tudu ya yi horo abinsa. Babban tseren da ke gabanmu na duwatsu ne. Haruna ya roƙi a kai shi inda ƙafarsa za ta saba, kuka sa shi a tseren nan na gida na ranar Juma'a saboda masu ɗaukar nauyinmu suna son ganinsa a talabijin. Ina dutse a Qatar, ranka ya daɗe? Fili ne fetal, sai iskar gefe mai ture manyan ƙarti, balle shi da bai fi sandar rake ba.

Na biyu, kuma nan ne ɓarnar take. Ka sanar cewa duk wanda bai kammala tseren share fagen ba, ba zai shiga jerin masu tafiya babban ba. Tun daga ranar nan, atisaye ya zama jarrabawa. Mai ciwo ya daina cewa yana ciwo.

Na uku. Makon jiya, a titin da ya wuce Al Rayyan, iska ta kwashe tayar Haruna ta gaba, ya buga kansa da kwalta. Ni na fara isa wurinsa. Hular kwanonsa ta tsage daga ciki, ta waje kuwa ba ka ganin komai. Ya miƙe yana dariya, koci ya ce yalla, wato mu tafi, aka ci gaba. Da muka koma ya kama hannuna, ya ce don Allah kada in gaya wa likita. Na ja bakina na yi shiru, kuma wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Na huɗu. Na'urar da ke jikin kekensa tana gaya muku ƙarfin ƙafarsa na nan daram. Ba ta yi ƙarya ba. Sai dai na'ura ba ta zama a bayansa, ni nake zama. A da, Haruna yana bin farin layin titi ba ya kaucewa ko da faɗin yatsa. Yanzu sai in ga yana zamewa hagu a hankali, sannan ya fizgo kansa kamar mai gyangyaɗi. Shekaranjiya ya yi amai a gefen hanya, ya ce dabino ne ya yi masa yawa. Jiya mun idar da azahar tare, kafaɗa da kafaɗa, muna sa takalma ya tambaye ni ko an yi salla.

Wannan mutumin za ku cusa ranar Juma'a cikin cunkoson kekuna, taya na gogar taya, iska na bugowa daga teku. A can ba a zamewa hagu a gyara.

Na san Haruna zai ji haushina, wataƙila ya daina gaishe ni. Na san kuma wanda ya sa hannu a takardar zamana a ƙasar nan zai iya cewa khalas, wato shi ke nan, in tattara. Na yarda da duka biyun.

Roƙona: a cire shi daga tseren nan. A kai shi asibiti a ɗauki hoton kansa, hular tana ɗakina ga duk likitan da ke son gani. A kuma janye sharaɗin kammalawa, a bar kowane ɗan tsere da kocinsa su zaɓi share fagen da ya dace da jikinsa, don kada in gobe wani ya faɗi, ya tashi yana dariyar dole.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ƙungiyarmu nasara, ya sa ka karanta wannan kafin lokaci ya ƙure. Mahaifiyar Haruna takan kira ni duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don ta ce ɗanta ba ya gaya mata gaskiyar lafiyarsa. Ina roƙonka, kada ka sa wannan Juma'ar ni ne zan riga ta kira.

Wassalam.

Isiyaku Direba,
Fereej Abdel Aziz, Doha.