Alwalar da Ta Fara da Hagu

Getso, ta Gwarzo.

Zuwa ga Yaya Haladu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau, gero ya yi kyau, sai dai kewar Malam Ɗalha da ba ta raguwa. Jiya na fita takaba, Allah Ya jiƙansa.

Yaya, ka san kafin ciwo ya kwantar da shi, Zinnira ta ɗauki muryarsa a waya yana koya wa 'yan Islamiyya alwala. Bayan rasuwarsa ta ce za ta haɗa muryar babanta da zane mai motsi, irin katun ɗin nan, ya zame masa sadaka mai gudana. Kullum tana zuwa Kabo wajen Malama Linda Jang, mai koyar da kwamfuta. Ni ban san kan abin ba, amma na ga wahala. Da farko murya ta riƙa riga hoto, Malam yana shafar kai, zanen bai gama kurkure baki ba. Suka gyara wannan, sai manhajar ta riƙa daskarewa duk lokacin da ruwa zai zubo daga buta. Sati biyu suna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya kafin su gano wanda ya yi nauyi.

Ana cikin haka Hambali, ɗan wan Malam, ya kwafe aikin daga wayar Zinnira bai tambaya ba. Ashe akwai sauran ɓarna. Malam yana cewa a wanke hannun dama, zanen yana wanke hagu. Maimakon ya faɗa mana, sai ya ɗora kiɗa a kai ya watsa. Har a gidan suna na ji mata suna ƙyaƙyata dariya, wai malamin Getso ya manta damarsa. Mutumin da ya shekara talatin yana gyara wa 'ya'yansu alwala! Tir da wannan hali. Abin da ya fi tayar mini da zuciya, na ga kai ma ka tura shi zauren dangi na waya da fuskokin dariya. Ka san muryar nan, Yaya. Ita ta yi wa Inna addu'a a bakin kabari.

Zinnira ta kwana biyu ba ta cin abinci. Daga baya suka gano Malama Linda ce ta juya zanen kamar a madubi don ya fuskanci buta, ba ta san dama da hagu suna da hukunci a wurinmu ba. Ta zo har gida da hawaye, ta ce in yafe mata. Na ce rashin sani ya fi dare duhu, ita kam ba ta cikin masu yi wa Malam dariya.

Yanzu an gyara. Na kunna shi a tsakar gida, na ɗauki buta na bi muryarsa gaɓa-gaɓa, har na gama. Zinnira za ta turo maka. Ka goge wancan, kuma duk wanda ka aika wa, ka bi shi ɗaya-ɗaya da wannan. Ba zan yi wa muryar Malam takaba sau biyu ba.

Ka gaida Yaya Ummu Hani, da Muslim, da Jibirin. Zinnira tana gaishe ka, ko da yake sai da na matsa mata.

Ƙanwarka,
Hauwa'u.