Izinin Fita na Yini Ɗaya

Talata

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan gwiwar nan ta sarara maka, kuma kana shan magani ba sai Yaya ta bi ka ɗaki ɗaki da kofi ba. Na iso garin da aka haife ka lafiya.

Na san ba da son ranka na taho ba. Ka ce macen da ta tafi ta bar ɗan shekara huɗu ba ta cancanci a bi sawunta ba. Amma kai ka raɗa mini Sarkin Tambaya, kuma jikokinka sun gado ni, kullum sai sun tambaye ni wace ce ta haife ka.

Ɗakin da ake adana tsofaffin takardun gwamnati a ƙasan bene yake, kantocin ƙarfe har rufi. Mai kula da shi wata dattijuwa ce mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Ta sa na wanke hannu kamar zan shiga tiyata, ta karɓe birona ta ba ni fensir. Ta kawo littafin ƙidaya na shekarar da aka haife ka. Baba, ga layinku, gida na goma sha ɗaya: sunan mahaifinka, kafinta, sunan mahaifiyarka a ƙasa, sai "ɗa namiji, wata bakwai". Na daɗe ina kallon layin nan. Kai da farin gemunka, wai wata bakwai.

Na duba littafin rabuwar aure da na mace-mace, babu ita. Dattijuwar ta ce gobe mu shiga takardun asibiti.

Ka gaida kowa.

'Yarka,
Sarkin Tambaya

Alhamis

Babana,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ina roƙon ka zauna kafin Yaya ta ci gaba da karanta maka wannan.

Na same ta. Ba guduwa ta yi ba. Sunanta na cikin rajistar asibitin kutare da ke bayan gari a wancan lokacin. Shekarunta ashirin da huɗu. A gurbin wanda ya kawo ta an rubuta "wan miji". Dokar wurin ba ta yarda a shiga da yaro ba.

Tana da fayil nata, ɗaure da zare. A ciki akwai takardu goma sha ɗaya da ta sa akawun asibitin ya rubuta wa danginku, duk roƙo ɗaya: a kawo mata ɗanta ta gan shi ko daga ƙofa. Amsa ɗaya ce tak ta zo, cewa an gaya wa yaro ta tafi, kada a tada masa hankali. Takardun farko da babban yatsa ta dangwala. A shekara ta huɗu akawun ya rubuta a gefe cewa yatsan ya tafi, da gefen hannu ta sa alama. A ta shida kuwa, Baba, sunanta ne da rubutunta, haruffa manya a karkace. Likita ya rubuta cewa ɗaure mata alƙalami ake yi a hannu.

Dattijuwar nan ta leƙo, ta cire tabarau ta sa ɗayan. Ta tashi ta kwaso fayiloli na wasu marasa lafiya ta baje a tebur. Duk wannan karkataccen rubutun nata ne a cikinsu. Ashe bayan ta koya, ita ta koma rubuta wa mutanen wurin wasiƙa zuwa ga iyayensu da 'ya'yansu. "Shekara talatin ina ganin hannun nan," in ji ta, "ban taɓa sanin mai shi ba."

Akwai kuma takardun izinin fita na yini ɗaya, guda tara. A gurbin dalili, kowacce ta ce: "ganin ɗanta a makaranta, daga wajen shinge."

Ta warke bayan shekara goma sha huɗu, amma lokacin kun bar garin, ba wanda ya bar adireshi. A can ta zauna har ta rasu, ina da shekara biyu a duniya.

Ka yafe mini idan na yi maka nauyi. Allah Ya jiƙanta.

'Yarka

Litinin

Babana abin ƙaunata,

Ina yi maka sannu, da fatan ka ɗan sa wani abu a cikinka yau. Yaya ta kira ni. Ta ce kwana biyu ba ka yi magana ba, sannan ka gaya mata abin da ba ka taɓa gaya wa kowa ba: ka tuna wata mata da ke tsayuwa bayan shingen makarantarku, hannayenta cikin mayafi, kuma wata rana kai da abokanka kun jefe ta da duwatsu, naka ya same ta a kafaɗa. Ta ce tun daga nan kake cewa da ma ban taho ba.

Da safe na koma, domin ban gama fayil ɗin ba. A can ƙarshe akwai wasiƙa da sunanka a bayan ambulan, an buga mata hatimin "ba a samu mai ita ba". Ban so buɗewa kafin kai ba, amma dattijuwar ta nuna mini cewa dama a buɗe take. Kwanan watan kwana uku ne bayan izini na bakwai. Na kwafe maka ita harafi da harafi:

"Ɗana, na gan ka ranar Laraba. Ka yi tsayi, ka wuce na kusa da kai. Kullum ina zuwa ne in duba hannayenka, daga nesa ba na gani sosai. Wannan karon ka matso, ka ɗaga hannu. Na ƙirga, yatsu biyar cif, ɗayan ma haka, fatarka sumul. Ciwon bai bi ka ba. Har na dawo ina dariya a mota, mutane suna kallona. Kana da saiti kamar babanka. Ka riƙa sa takalmi."

Iyakarta ke nan. Kuma bayan wannan ranar ta sake karɓar izini sau biyu, ta koma bakin shingen.

Asibitin ya zama makaranta yanzu, amma maƙabartar tana nan a bayansa, kuma na samu lambar kabarinta a littafi. Ban je ba. Ba ni ya kamata in fara zuwa ba. Ranar Asabar zan dawo da hoton wasiƙar, in ɗauke ka. An ce hanyar babu gargada, gwiwarka za ta iya.

Ka gaida Yaya da yara.

'Yarka mai son ka,
Sarkin Tambaya