Bokitin da Ke Gindin Gadona

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Mama, yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, karatu sai godiya.

Yaya, wani abu ya faru, ban san ko murna zan yi ba. Yarinyar da ke kwana a gadon sama, bisa nawa, ta yi zazzaɓi har tana sambatu. Na dafa goshinta na yi gajeriyar addu'ar nan da Mama ke yi mana. Washegari ta tashi garau. Ta sha maganin asibitin makaranta ma, amma wannan ba mai ambatonsa.

Tun daga ranar ake kirana Annabiya, ni da ko hannu ba na iya ɗagawa a aji! In na shiga ɗakin kwana sai hira ta mutu. Kuma kullum da safe ina tarar da bokitina cike da ruwa a gindin gado, alhali sauran sai sun bi layin famfo. Na tambaya, kowa ta ce ba ita ba ce.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Don Allah kada ki karanta wa Mama wannan.

Agogon shugabar ɗalibai ya ɓace. Ta kira ni, ita da da ba ta san da zamana ba, har ta share mini gefen gadonta. Wai ranar Lahadi, a taron zumunta na majami'ar makaranta, in tashi in faɗi sunan ɓarauniyar. Kowa ta riga ta sa ido kan wata sabuwar yarinya da ake ce wa Tsigi, don ita ke share lungun shugabar. Duk wadda na nuna, korarta za a yi.

Yaya, Ubangiji bai nuna mini kome ba. Sai dai shirun nan da ake yi mini yana da daɗi, daɗin da ke ba ni tsoro. Jiya da na sunkuya zan wanke fuska, na ga fuskata a cikin bokitin tana murmushi. Na taɓa bakina, ni ba murmushi nake yi ba. Sai na ji murya irin tawa, amma babu kunya a cikinta, tana cewa in nuna yarinyar kawai, ai kowa zai yarda.

Ki yi mini addu'a.

Taki,
Auta

Yayata ƙaunatacciya,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da Baba ya fara takawa.

Ranar Lahadi na tashi a gaban kowa. Majami'ar ta yi tsit, har ina jin kukan fanka. Tsigi na zaune a bencin baya, ta riƙe gefen benci da hannu biyu. Sai na ji hannuna na dama yana tashi, ba ni ke ɗaga shi ba. Na kama shi da na hagu na danne a jikin siket. Na tuna yadda Shaiɗan ya kai Ubangijinmu ƙololuwar haikali, ya ce ya diro, ga taro a ƙasa da zai gani ya yi mamaki. Shi da ke da ikon gaske ya ƙi. Ni da ba ni da kome fa?

Na ce musu ban sani ba, kuma ban taɓa warkar da kowa ba.

Shugabar ta ja tsaki, ta ce ashe annabiyar roba suka samu. Aka kwashe da dariya. Yanzu sunana Ban-Sani-Ba, ƴan aji ɗaya ma suna kwaikwayon muryata. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Agogon bai fito ba, amma ba a kori Tsigi ba, tun da babu shaida.

Yanzu ba mai share mini wuri, ba mai yin shiru in na shigo. Amma Yaya, washegarin taron na tarar da bokitin cike har baki. Wa zai ɗebo wa Ban-Sani-Ba ruwa?

Ban leƙa ciki ba. Na kawar da kai, na kai shi bayan ɗaki na zubar. Kullum yanzu kife shi nake yi kafin in kwanta, in ɗora takalmana a kai. Da safe in je ƙarshen layin famfo in tsaya. Yau Tsigi ce a gabana. Ta taka mini ƙafa, ko haƙuri ba ta ba ni ba. Na gode wa Allah.

Ki gaida Mama da Baba.

Ƙanwarki,
Auta